Wai da gaske dutse zai faɗo wa duniya a 2029?

Ɗan_Fagge:
Salam jama'a. Dan Allah masu sanin harkar sararin samaniya ina da tambaya. Jiya da daddare na kalli wani shiri a wata tashar tarihi ta turawa a dish, kan wani dutsen sama wai shi Apophis, ana ta nuna birane na cin wuta teku na haɗiye gidaje, ga kiɗa mai tada hankali, ga wani dattijo da gilashi yana cewa ai Nostradamus, wani ɗan duban Faransa na zamanin da, shi ma ya faɗa tuntuni. Abin da ya ɗaure min kai tashar ilimi ce fa ba ta fim ba, in ƙarya ce me zai sa su saka? Ƙanwata har ta ce ta daina zubin adashe tunda lokaci ya kusa 😂

MalaminLissafi:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Dutsen akwai shi, a 2004 aka gano shi, faɗinsa wajen mita 340. Da farko lissafi ya nuna yiwuwar ya bugi duniya a 2029 ta kai kashi 2.7 cikin ɗari, amma da aka ƙara auna hanyarsa sai aka cire wannan tsoron, a 2021 kuma hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sake auna shi da na'urar radar ta ce babu hatsari daga gare shi na aƙalla shekara 100. Ranar 13 ga Afrilu 2029 zai wuce ta nisan kilomita 32,000 daga doron ƙasa, tauraron ɗan'adam ɗin da ke kawo maka tashar ma ya fi shi nisa, don shi yana wajen 36,000 ne. Mu nan Afirka in sama ta yi garau da ido za mu gan shi. Ina kyautata zaton wannan bayanin can ƙarshe suka ɓoye shi bayan talla ta biyar.

Maman_Biyu:
Kai Ɗan_Fagge halan kana yaro a 2012? Wlh History Channel babu irin shirin da ba su yi ba kan kalandar mutanen Maya, wai 21 ga Disamba duniya za ta tashi, alhali zagayen lissafinsu ne na shekara 5,125 ya cika sabo ya fara, jikokin Mayan da ke Meksiko da Gwatemala ma biki suka yi ranar. Kafin nan ga Harold Camping mai gidan rediyo a Amurka, ya ce 21 ga Mayu 2011, mutane suka bar aiki suka zuba dukiyarsu a allunan talla, da ranar ta wuce bai ji kunya ba ya ce a'a 21 ga Oktoba ce. Ka ce wa ƙanwar taka ta ci gaba da zubi kar uwar adashe ta tayar mata da nata alƙiyamar.

Bazazzagi77:
Ni dabararsu ce ke ban haushi. Ku lura ba sa taɓa cewa abu zai faru, sai dai "shin zai yiwu?", "wasu na ganin", to wa za ka kama da ƙarya? Shi Nostradamus ɗin baitoci ya rubuta a 1555 masu harshen damo, sai abu ya auku sannan a koma a lalubo wanda ya yi kama da shi, inda ya kuskura ya ambaci lokaci ƙarara, watan 7 na 1999, ba abin da ya faru. Tashar Animal Planet fa a 2012 shiri guda suka yi da ƴan wasa a matsayin masana wai an gano mutanen ruwa masu jelar kifi, sai da hukumar teku ta Amurka, NOAA, ta fito ta ce babu wata shaida. Kuɗin talla suke nema kawai, mai jin tsoro ba ya canja tasha.

Abu_Hanan:
Duk wanda ya sa wa tashin duniya rana ni na gama da shi, a duba Suratul A'araf aya ta 187, saninta na wurin Allah Shi kaɗai, ƴan'uwanmu kirista ma suna da irin haka a Matiyu 24:36. Amma Hajiya Maman_Biyu kar dariyar ta sa a ɗauka duwatsun ma tatsuniya ce. A Fabrairun 2013 wani ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha, mutum wajen 1,500 suka ji rauni yawanci da fasassun gilasai, kuma babu boka ko tashar da ta hango shi. Malam, shi Apophis ɗin wajen ƙarfe nawa za a gan shi a Kano, da magariba ne ko sai tsakar dare?