Ƙaiƙayin gaba da ke tafiya yana dawowa: ina mafita?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawara a kan wata lalura da ta daɗe tana damuna. Kusan duk wata, kwanaki kaɗan kafin zuwan al'adata, sai ƙaiƙayi mai tsanani ya taso mini a gaba, tare da farin ruwa mai kauri mai gudaji-gudaji wanda ba shi da wari, har wurin ya yi ja ya kumbura, fitsari ma ya riƙa yi mini raɗaɗi. Duk lokacin da ya taso nakan sha ƙwayar Fulukonazol guda ɗaya ko in yi amfani da maganin cusawa, in sami sauƙi, amma kafin wata ya zagayo ya dawo. Wasu sun ce a banɗaki nake ɗauka, wasu kuma sun ce maigidana ne yake mayar mini da shi. Shin ana rabuwa da wannan abu kuwa?

Ungozoma:

Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Alamun da kika zayyana sun yi kama da na wata ƙwayar cuta, wato fangas ɗin da ake kira Kandida, wanda dama yana zaune a jikin mata da yawa ba tare da ya cutar da su ba, sai idan wani abu ya ba shi damar yaɗuwa. Kimanin kashi 75 cikin 100 na mata sukan gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, don haka ba alamar ƙazanta ba ce, kuma ba a banɗaki ake ɗaukarsa ba. Amma idan ya kai sau 3 ko 4 a shekara guda, likitoci sukan ɗauke shi a matsayin mai maimaituwa, kuma ƙwaya ɗaya ba ta isarsa.

Shawarata ita ce ki je asibiti a daidai lokacin da alamun suke nan, kafin ki sha ko ki cusa komai, a ɗebi ruwan da auduga a kai ɗakin gwaji. Ba duk ƙaiƙayi da fitar ruwa ne fangas ba. Akwai na bakteriya, wanda ruwansa tsinkakke ne mai launin toka da ƙarni, kuma maganinsa Metironidazol ne, wato Flagyl, maganin fangas ba ya yi masa komai. Ko a cikin Kandidar ma akwai iri-iri: mafi yawa albikans ce, mai jin Fulukonazol, amma akwai gilabrata wadda sau da yawa ba ta jinsa, mace ta yi ta sha a banza.

Idan gwaji ya tabbatar albikans ce, tsarin da aka saba shi ne a sha Fulukonazol miligiram 150 sau uku, a rana ta 1, ta 4 da ta 7, sannan a ci gaba da ƙwaya ɗaya kowane mako har tsawon wata 6. Wannan ba abin da za ki ɗora wa kanki ba ne, domin maganin yana iya shafar hanta, kuma yana karo da wasu magunguna, irin su Wafarin mai tsinka jini. Ba zan ɓoye miki ba, yawancin mata suna samun lafiya muddin suna kan tsarin, amma kusan rabinsu yakan dawo musu bayan sun daina, sai likita ya sake duba lamarin.

Uwargida:

Ƙanwata, ki roƙi a auna miki suga tun a zuwan farko. Ni nawa bai lafa ba sai da aka gano ina da ciwon suga aka daidaita shi, domin fangas yana bunƙasa ne a jikin da sugansa ya hau. Ki kuma lura ko yana biyo bayan shan antibayotik, saboda suna kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tsare gaban mace, sai fangas ya sami fili.

Abin da ya fi wuya na bari shi ne yawan wanki. Idan ƙaiƙayi ya taso, zuciya takan ce a wanke ciki da sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali hakan ƙara tsananta shi yake yi. Ruwa zalla a waje ya wadatar, a tsane wurin da kyau, a sa kamfai na auduga marar matsewa.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Malama, game da maigida, ba a lissafa wannan cikin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, kuma ba shi magani ba ya hana ƙaiƙayin ya dawo miki. Sai dai idan shi ma yana jin ƙaiƙayi ko ya ga ja a kan gabansa, to a ba shi na shafawa. Ki sani kuma cewa man shafawa da maganin cusawa irin su Kulotirimazol, wato Canesten, suna iya raunana kwaroron roba. Idan aka gano gilabrata ce, likita kan iya rubuta sinadarin borik asid miligiram 600 na cusawa kullum har mako 2 ko 3. Guba ne idan aka haɗiye shi, don haka a ɓoye shi nesa da yara, kuma mai juna biyu ba ta amfani da shi.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma Anti Ungozoma, ni da maigidana muna neman ƙarin haihuwa a yanzu. Tsarin wata 6 ɗin zai yiwu a haka?

Ungozoma:

Gara da kika faɗa, kuma ki faɗa wa likita tun kafin ya rubuta komai. Ba a ba mai juna biyu ko mai neman ciki Fulukonazol na sha, saboda an danganta shi da haɗarin ɓari. A madadinsa akan fara da maganin cusawa na tsawon kwana 10 zuwa 14, sannan a koma Kulotirimazol miligiram 500 sau ɗaya a mako. Tunda naki kafin al'ada yake tasowa, ki je a ɗebi ruwan a waɗannan kwanakin, kafin jini ya fara zuwa.