ILS da "fiyabilite": me za mu ce da Hausa kafin shirin gobe?

Ƴar rediyo, Yamai: Assalamu alaikum. Gobe da safe ina da shiri kan saukar jirage cikin hazo, tunda hunturu ya kama. Baƙona injiniya ne, Faransanci zai yi, ni in maida Hausa. Abu biyu sun tsaya mini: ILS, da abin da suke kira fiyabilite. Na rubuta "na'urar taimakon sauka" da "inganci", amma bakina ya ƙi su. Ku agaza kafin isha'i.

Tsohon hasumiya (ta filin jirgi): Wa alaikumus salam, ɗiyata. ILS eriya biyu ce a ƙasa. Ɗaya tana can ƙarshen titin saukar jirgi, tana gaya wa jirgi ya yi dama ko hagu har ya daidaita da tsakiya. Ɗayar tana gefe, kusa da inda taya ke taɓa ƙasa, ita ke ba shi gangara, galibi digiri 3. ILS mataki uku gare ta; a mataki na ɗaya matuƙi na bin su har saura kamar mita 60 tsakaninsa da ƙasa. In bai ga fitilun titi ba a nan, sai ya ƙara wuta ya tashi. Ni "jagoran sauka" nake cewa.

Mushe Ɗan Ader: Jagora ai na makaho na, Baba. Muna da kalma tun kaka da kakanni: zagi, wanda ka shiga gaban dokin sarki shina buɗe mai hanya. "Zagin jirgi." Gajere, Hausa tsantsa. Na'ura kuwa Larabci ta.

Ƴar rediyo: Mushe, in na sa "zagin jirgi" a Facebook, mutane za su tambaye ni wa ya zagi jirgin.

Mushe Ɗan Ader: Ga baki ba su gamuwa, guda a ja wasali, guda ba a ja. Rediyo ko baki na.

Ɗalibin EAMAC (makarantar jirage ta Yamai): Yaya, ki bar su da ta farko, ta biyun, fiyabilite, ce mai haɗari. Abu biyu ne a cikinta: kada siginar ta yanke, kuma kada ta yi ƙarya. Yankewa da sauƙi, matuƙi zai ga alama a gabansa ya fasa sauka. Shi ya sa akwai na'ura mai sa ido da ke kashe eriyar da kanta in ta kauce, cikin daƙiƙa 10 ga ta tsakiyar titi a mataki na ɗaya, daƙiƙa 2 a na uku. In ana gyara, ana cire haruffan Morse da tashar ke bayyana sunanta da su, a fitar da sanarwa. Kuma ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta ƙasashen Afirka da dama, na da jirgin awo da ke zuwa ya bi siginar daga sama ya tabbatar.

A Guwam, 1997, an sanar cewa eriyar gangara ba ta aiki, amma matuƙan wani Boeing 747 na Korean Air suka shiga shakka ko ta dawo. Suka daki tudu, fiye da mutum 220 suka rasu. A Afiya ta Samowa, 2000, akasin haka aka yi: an bar mai sa idon a ketare, ba ya iya kashe eriyar, sai allurar da ke nuna gangara a gaban matuƙan wani Boeing 767 na Air New Zealand ta nuna komai daidai alhali jirgin ya yi ƙasa da yawa. Gwada nisa da tsawo ne ya cece su. Wannan allurar ba wanda zai kalle ta ya ce ba ta da inganci.

Mai shago, Sabuwar Kasuwa: Ku duba yadda ƴan Kano ke faɗi mana, a huta.

Mushe Ɗan Ader: Subhanallahi! Tun 2025 anka rubuta Hausa ta harshen ƙasa, makarantar jirage tana nan Yamai, amma sai mun tai Kano roƙon kalma?

Mai shago: To ai sunan da kake amsawa ma na Faransa ne, Mushe.

Mushe Ɗan Ader: Yara sunka liƙa min shi, ba ni na zaɓa ba.

Tsohon hasumiya: Ku bari haka. Yaron nan ya riga ya ba mu amsa: wanda in bai sani ba zai yi shiru maimakon ya kai ka rami, mai amana ne. Ki ce "amanar jagoran sauka". Rashin yankewa kuma "ɗorewa".

Ɗalibin EAMAC: Baba, amana ta ɗauki ɓangaren "kada ta yi ƙarya". Amma mu lissafi muke yi da ita, ban san yadda zan ce an auna amana ba.

Ƴar rediyo: Ba zan yi lissafi a iska ba, ƙanena. Na ɗauki jagoran sauka, amana da ɗorewa. Na gode, Baba.

Mai shago: Amana ba Larabci ba ce, Mushe?

Mushe Ɗan Ader: Ta daɗe gidanmu, na bar ta. Zagi kau ban janye shi ba, ran Litinin shi za ni rubuta ma ƴan lakkal ga allo.