Abin da aka tattauna kan saita furoksi don shafi ya yi sauri

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga tattaunawar kan furoksi, wato manhajar da ke tsayawa tsakanin masu ziyara da sabar, kwamfutar da ke ɗauke da shafin:

1. Kowa ya yarda a sa manhajar Nginx a gaban sabar a matsayin furoksi, ta riƙa ajiye kwafin hotuna da fayilolin CSS (masu tsara kamannin shafi), kada a riƙa tayar da sabar kan kowane baƙo. A kunna gzip ma, mai matse fayiloli su rage girma.
2. Shafin shiga da na biyan kuɗi kam, kada a ajiye su. In aka ajiye, wani zai ga bayanan wani.
3. Kan abin da za a ƙara don sauri, nan aka rabu. Wasu sun zaɓi Varnish, wani furoksi mai ajiye kwafin shafuka, sai dai ba ya karɓar HTTPS (haɗi mai tsaro) shi kaɗai. Wasu suka ce Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin shafuka a sabobinsa, tunda yana da sabar a Legas, ta fi Turai kusa da Zariya. Ni dai nan na karkata.
4. A gwada da datar waya a Samaru, ba intanet ɗin ofis ba.