Lilo ya tsinke da ɗana a wurin wasan yara, zan iya neman diyya?

Baban Khalifa, Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ku ba ni shawara. Ranar yawon sallah maman yara ta kai su wani wurin wasa a nan Legas irin wanda ake biyan kuɗin shiga, ɗana mai shekara 6 yana kan lilo sarƙar ta tsinke ya faɗo hannu ya karye, yanzu haka asibitin ƙashi na Igbobi muke ta zirga-zirga kuma likita ya ce sai an sa ƙarfe. Na je wurin manajan ya ce zai ba ni dubu 50 amma in sa hannu a takarda cewa magana ta mutu. Ban sa ba tukuna, wlh abin da na kashe ya fi haka nesa ba kusa ba. Ya zan yi?

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Allah ya ba shi lafiya. Ni dai a ganina ƙaddara ce, ka karɓi abin da suka ba ka ka bar wa Allah, shari'a a garin nan sai ka ƙarar da jarinka wurin lauya ba a gama ba.

Maman Ilham, Idi-Araba:
Alhaji da girmanka amma ban yarda ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma ai musuluncin ma ya tanadi diyyar rauni, kuma haƙƙin na yaron ne ba na uban ba balle ya yafe. Irin shirun nan namu ne ya sa ake raina mu, gobe ɗan wani zai hau lilon nan.

Ɗan Obalende:
Malam kar ka sa hannu, shi ne na farko, in ka sa za ka iya rufe wa kanka ƙofa ko da gaba an ce a sake aiki. A doka duk mai wurin da ya karɓi kuɗin mutane dole ya kula da lafiyar kayansa, sarƙa kuwa galibi ba ta tsinkewa haka kawai sai an bar ta ta yi tsatsa ko ta cinye, sakacin nan shi za ka nuna. Ka adana tikitin shiga, duk wani rasit na magani, hoton ƙashi da rahoton likita, ka nemi lambar waɗanda suka gani, a ɗauki hoton lilon tun kafin su gyara domin in akwai kamara ma gogewa take yi.

Batun kuɗin lauya kuma, gwamnatin Legas tana da OPD, wato Office of the Public Defender, tun shekarar 2000, lauyoyi ne kyauta ga marasa ƙarfi, babban ofishinsu na Surulere. Akwai kuma Citizens' Mediation Centre, sulhu suke yi kyauta ba sai an shiga kotu ba. Yaro ba ya kai ƙara da kansa, kai za ka tsaya masa. Ka tambaya ko wurin na da inshora, sau da yawa su ke biya ba manajan ba.

Amma ka yi sauri, in wurin na gwamnati ne akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara.

Baban Khalifa, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wurin na 'yan kasuwa ne, tikitin yana jakar maman yara, ƙanwarta ma ta yi bidiyo a lokacin. Litinin in sha Allahu zan tafi Surulere da takardun.