Tambaya: bangon turawa don raba ɗakin taro gida uku, da yadda za a bi da wayarin

Abu Fatima:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini. Muna gina makaranta mai bene ɗaya, an zuba dakin (kankaren da ya raba ƙasa da sama), saman kuma bai kai rufi ba. A saman akwai babban ɗaki mai tsawon mita 18, faɗin mita 8, silin zai tsaya a mita 3. Ana so ranakun karatu ya zama aji uku, idan kuma taro ya taso, kamar walimar sauka, a buɗe shi ya koma ɗaki ɗaya. Ƙasan kuwa ofisoshi ne na haya, kuma kowane ɗan haya da girman da yake nema, ba ma so duk shekara a riƙa fasa bulo.

Wane irin bango ya dace da kowanne? Wayar wuta, ta intanet da bututun ruwa ta ina za su bi idan bangon ba a wuri ɗaya yake zaune ba? Kuma anya ƙarar aji ɗaya ba za ta hana na kusa karatu ba? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Gini:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Fatima. Ka yi dabara da ka tambaya kafin a ɗora rufi, domin amsar saman tana cikin rufin ne.

Abu biyu daban kake nema, kada mai sayarwa ya haɗa maka su. Na sama bango ne da za a buɗe a rufe kowane mako: falle-falle ne da ke rataye a jikin tirak, wato layin alminiyom da suke bi a sama, ana tura su ɗaya bayan ɗaya a jere su a gefe. Na ƙasa kuwa fatishan ne da ake kwancewa da sukurdireba a sake ɗaurawa a wani wuri, ƙila sau ɗaya a shekara biyu ko uku. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, aikinsu ma haka.

Mu ɗauki na sama. Bango ɗaya mita 8 ne sau 3, wato murabba'in mita 24. Irin wanda ke tare ƙara sosai yakan kai kilo 40 a kowace murabba'in mita, wani ma ya fi. Ka ga kilo 960 ke nan, kusan tan guda, kuma biyu kake buƙata. Duk wannan nauyin a sama yake rataye, ƙasa ba ta ɗaukar komai. Katakon rufi ba zai riƙe shi ba, balle ƙarafan silin. Dole a sa bim na kankare ko na ƙarfe daidai kan layin kowane bango, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, a sauke sandunan ƙarfe masu zare daga jikinsa su riƙe tirak ɗin, da noti biyu a kowace sanda don a iya ɗagawa ko saukewa lokacin daidaitawa.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne lissafin nauyin a baje. Ranar taro fallayen bango ɗaya, guda bakwai, kowanne faɗinsa wajen mita 1.15 da nauyin kusan kilo 140, za su taru ne wuri guda a cikin abin da bai kai mita ɗaya ba. Injiniyanku ya lissafa hali biyun, a baje da a tare. Sannan ba karyewar bim kaɗai ake gudu ba, lanƙwasawarsa ce ta fi kawo matsala. Ƙa'idar da masu ƙera irin wannan bango suka saba bi ita ce kada lanƙwasar ta wuce kimanin milimita 3 a kowace mita 3.6, kuma daɓen da ke ƙarƙashin layin bangon shi ma ya miƙe daidai wannan gwargwado. Idan bim ya sauka a tsakiya, fallen tsakiya zai riƙa gogar tayil, na gefe kuma su bar rata.

A ofisoshin ƙasa ina goyon bayan a guji bulo. Bulo inci 6 da filasta gefe biyu yana kusantar kilo 250 a murabba'in mita, fatishan na allon jifsam (allon filasta mai rufin takarda) kuwa wajen kilo 25 ne.

Mai Wayarin:

Injiniya ya gama da nauyi, bari in ɗauki wuta. Magana ɗaya ce: abin da ke motsi kullum, kada a sa masa waya ko kaɗan. Bangon turawa na sama ya zauna fanko, ba soket, ba makunni. Komai ya koma bangon waje da ba ya motsi, da kuma silin.

Ka raba ɗakin tun daga akwatin rarraba wuta kamar aji ukun suna nan dindindin. Kowane aji da layin fitilunsa na waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, da layin soket na waya mai 2.5 a kan bireka mai amfiya 20, da makunnin fankokinsa kusa da ƙofarsa. Idan aka ɗora duka fitilun a kan makunni ɗaya, malamin aji na farko zai kashe wa na uku wuta. A kula da wurin fanka: fukafukinta su bar aƙalla rabin mita daga layin tirak da kuma inda fallayen za su taru.

A ofisoshin ƙasa an fi samun sarari. Abin da ke aiki shi ne a shimfiɗa tire na waya a cikin silin, a jera akwatunan haɗi kowace mita 3 ko 4, kowanne da lamba a jikinsa da kuma a takardar zanen wayarin. Daga akwatin ne waya za ta sauko cikin fatishan ta bututun roba mai lanƙwasa, a bar mata rarar kamar mita ɗaya a naɗe a sama. Ranar da za a matsar da bango, a kashe bireka, a kwance daga akwatin, a ɗaura a na gaba. Ba fasa, ba tona. Shi ya sa silin mai falle-falle na santimita 60 sau 60 ya fi POP a irin wannan wuri. Idan kuma an nace sai POP, a bar ƙofar leƙawa a ƙarƙashin kowane akwati, mafi ƙanƙanta 30 sau 30, in so samu ne 60 sau 60 yadda kafaɗar mutum za ta shiga.

Ramukan da ke jikin ƙarafan fatishan suna da kaifi, sai an sa musu zoben roba kafin a zura waya, in ba haka ba a hankali ƙarfen zai yanke rigarta. Kuma firam ɗin ƙarfe gaba ɗaya a haɗa shi da wayar kariya da ke kai wuta cikin ƙasa, a sa bireka mai gane yoyon wuta na miliamfiya 30. Wannan ba wurin rage kuɗi ba ne, bango ne da mutane ke jingina.

Wayar intanet ta bi nata bututun, ko ɗakinta daban a cikin tirankin (dogon kwanson waya) mai gida biyu, kuma daga inda na'urorin suke zuwa soket kada ta wuce mita 90.

Ruwa kuwa, ban yarda ya shiga bangon da za a kwance ba. Banɗaki, wurin alwala da kicin a tara su gefe ɗaya a gina su da bulo. Har bututun zubar ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya bi bangon waje, domin ɗigo kaɗan ya isa ya ruɓar da jifsam.

Abu Fatima:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Wani mai walda ya ce zai haɗa mana na saman da bututun ƙarfe da filawud, ya sa tayoyi a ƙasa su riƙa bin kwalbatin ƙarfe a cikin tayil, wai ba sai an yi bim ba. Kuɗin ya yi ƙasa sosai. Me kuke gani?

Mai Haɗa Fatishan:

Malam, zai raba ɗakin da ido, amma ba zai raba shi da kunne ba, kuma kunnen ne matsalar makaranta. Ga kuma ƙurar hunturu da yashin takalman yara, duk a cikin ramin nan za su taru. Taya ta cije, a tura da ƙarfi, falle ya karkace. Ranar taro kuma ramin yana tsakiyar ɗaki yana kama ƙafar kujera da ta tsofaffi. Ko da tayar tana ƙasa sai an yi masa abin riƙe kai a sama, falle mai tsayin mita 3 ba ya tsayuwa shi kaɗai.

Ƙara ta rata take bi. Abin da ya sa bangon kamfani ke aiki shi ne kowane falle yana da leɓen roba a sama da ƙasa, ana murɗa hannu ta gefensa sai leɓen ya fito ya danne tirak da daɓe, gefunan kuma su shige cikin juna. Na ƙarshe yana da ɓangaren da ke miƙewa ya matse jerin duka da bango. Fallen da aka rufe ba a murɗa ba, kusan da shi da babu ɗaya ne.

Sai kuma saman silin. Ko ka sayi bango mafi tsada, idan sararin da ke tsakanin silin da rufi a buɗe yake, karatun aji ɗaya zai hau ya sauka a na kusa. A toshe daga tirak har jikin bim, daga bim kuma har rufi, da allon jifsam ninki biyu kowane gefe, da audugar dutse (auduga mai shanye ƙara) a tsakiya, a liƙe duk ramin da waya ta ratsa. A nan ne na ɗan saɓa da Mai Wayarin: silin mai falle-falle yana sauƙaƙa gyara, amma ƙara tana ratsa shi cikin sauƙi. A ofishin lauya ko likita sai an yi irin wannan toshiyar a kan layin bangon.

Ga yadda ake haɗa na ƙasa. A gama tayil da silin na falon gaba ɗaya tukuna, don kada a bar tabo idan an matsar. A ja layi, a shimfiɗa ƙarfen ƙasa da na sama a kan roba mai laushi. Tsayayyun ƙarafa masu faɗin milimita 70 su tsaya kowace santimita 60, a yanke su su gaza tsayin da kamar milimita 15, don idan dakin ya ɗan sauka kada ya danne allon ya tsage. Allon milimita 12.5 ne, girmansa mita 1.2 sau 2.4, a ɗaga shi santimita ɗaya daga ƙasa saboda ruwan mofa. Sukuru mai milimita 25, kowace santimita 30. Idan ana so a sake amfani da allon, kada a shafe mahaɗar da filasta, a rufe ta da siririn alminiyom mai ɓallewa. Wanda aka shafe aka yi wa fenti, sai dai a fasa.

Allo ɗaya kowane gefe ba komai a ciki yana tare ƙarar kimanin desibel 36 (desibel shi ne ma'aunin ƙara), ana jin hira. Da audugar dutse yana haura 40. Ninki biyu da auduga yana kusantar 50. Kada a sa soket biyu baya da baya, a raba su da santimita 60. Firam na katako kuma ban ba da shawara ba, gara ba ta da sabo.

Hajiya Mai Zanen Gini:

Malam Abu Fatima, ƙari kaɗan. Kowane aji ya samu ƙofarsa da ke fita baranda kai tsaye. Kada ya zama sai yaran ajin tsakiya sun ratsa wani aji kafin su kai matakala, kuma ɗakin da zai ɗauki jama'a da yawa a sama yana buƙatar matakala biyu a gefe daban-daban, ƙofofin su buɗe waje. A zana tagogi yadda layin bango zai faɗa kan ginshiƙi a mita 6 da mita 12, ba tsakiyar taga ba, kuma a gina ɗan lungu mai zurfin kamar mita ɗaya inda fallayen za su ɓuya.

Idan kuɗin bangon kamfani bai samu yanzu ba, ku zuba bim biyun duk da haka, ku binne faranti na ƙarfe a ƙasansu kowace santimita 60 don ɗaure sandunan tirak. Ku fara da na mai waldan a matsayin na wucin gadi, amma ya rataye shi a jikin bim ɗin, kada a tsaga tayil. Kafin a zuba kankaren, ku karɓi takardar nauyi da zanen tirak daga kamfanin da kuke sa ran saya a wurinsa, ku miƙa wa injiniyanku.