Tsatsa a jikin bututu a Blender: me ya sa take miƙewa?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon yi wa abu fata da nod (akwatunan da ake jona wa juna da waya) a Blender, manhajar zanen 3D, ba tare da ɗora hoto ba. So nake in fitar da tsohon bututun ƙarfe mai tsatsa. Na sa Noise Texture, na bi da shi ta Color Ramp mai ja da ruwan ƙasa, na jona da Base Color na Principled BSDF. A jikin ƙwallo ya yi kyau, amma da na mayar kan bututun sai tabon ya zama dogayen layuka. Ga shi kuma sai sheƙi yake kamar roba. A taimaka.

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Na tabbata ba ka jona komai a ramin Vector na Noise Texture ɗin ba. In ka bar shi haka, Blender da Generated yake aiki: yana ɗaukar akwatin da ya kewaye abin, ya ƙirga kowane gefe daga 0 zuwa 1, komai tsawonsa. Ƙwallo gefenta duk ɗaya ne, shi ya sa ba ka ga matsala ba. Bututu kuwa tsawonsa ya ninka kaurinsa sau da yawa, dole tabon ya shimfiɗe.

Kawo Texture Coordinate, ka ja waya daga Object zuwa Vector. In da ma a Object Mode ka ja tsawon bututun, danna Ctrl+A ka zaɓi Scale, in ba haka ba layukan suna nan daram.

Mai_Zane:
Malam ya gama da miƙewa, bari in taɓa maganar sheƙin. Ƙanina, launi kaɗai ka canza, alhali ido ba da launi yake gane tsatsa ba, da yadda haske ke mutuwa a kanta ne. A lissafin manhajar, tsatsa ba ƙarfe ba ce sam. Ka yi Principled BSDF guda 2: na ƙarfe, Metallic 1, Roughness wajen 0.3, na tsatsa, Metallic 0, Roughness wajen 0.9. Ka haɗa su da Mix Shader, na ƙarfe a sama, na tsatsa a ƙasa.

Noise ɗin naka shi zai yi rabon fili. Bi da shi ta wani Color Ramp baƙi da fari zalla, ka matso da alamomin kusa da juna har bakin tabon ya fito sosai, sannan ka kai shi Factor na Mix Shader ɗin. Baƙi 0 ne, shi ke buɗe na sama; fari 1, na ƙasa. Wannan dai baƙi da farin ka ba Bump ta ramin Height, amma ka rage Strength, yawancin masu koyo a nan suke zuba gishiri ya yi yawa.

Kuma don Allah ka kunna Node Wrangler, wani ƙari (add-on) na Blender. Ctrl+Shift da danna kowane nod zai nuna maka abin da shi kaɗai yake fitarwa. Ni ba na jona waya sai na ga hotonta da idona.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka da alheri, layukan sun tafi! Saura ɗaya: bidiyon da nake bi yana amfani da Musgrave Texture, na duba ko'ina ban gan shi ba.

Tsohon_Hannu:
Ba za ka gan shi ba, an cire shi tun Blender 4.1 a 2024, aka zuba aikinsa cikin Noise Texture. Duba jerin da ke saman nod ɗin, inda aka rubuta fBM, sauran nau'o'in suna ciki. Kada ka kwafi lambobin mai bidiyon, ba za su ba ka abin da suka ba shi ba.

Af, ina za ka kai bututun? In cikin Blender zai zauna, shi ke nan. In kuwa Unity ko Unreal (manhajojin haɗa wasannin bidiyo) ka nufa, waɗannan nod ɗin ba sa bin fayil ɗin FBX ko glTF da za ka fitar da shi. Sai ka yi masa UV (shimfiɗa jikinsa domin hoto ya hau kansa), ka koma Cycles (injin fitar da hoto na Blender), ka gasa launi da kaushi su zama hotuna ta Bake.

Sabon_Shiga:
Unity ne kuwa. To bari in fara da UV ɗin, zan dawo da tambayar Bake ɗin.