Wai akwai tashar nukiliya a Zariya?

Na Mabera: Jama'a, zafi na cin mutane a Sakkwato, wuta babu, ga yuraniyam nan Arlit ta Nijar a maƙwabta. Mi zai hana a gina muna tashar nukiliya gefen madatsar Goronyo? Ga tasha nan Zariya, a kwashi ɗalibai su tai ziyara su ga ba tsafi ba ne.

Injiniya: Ƙanena, gyara zance. Abin da ke Zariya ba tasha ba ne. Tukunyar nukiliya ce ta bincike, wato na'urar da aka tsaga yuraniyam cikinta, ta cibiyar makamashi ta ABU, ƙirar Sin, ta fara aiki 2004, ƙarfinta wajen kilowat 30 na zafi. Ba tabain, ba janareta, ko ƙwai ɗaya ba ta kunnawa. Tasha ita ce inda tsagewar yuraniyam ke zafafa ruwa, ruwan ya ba da tururi, tururi ya juya tabain, tabain ya juya janareta.

Ɗan Samaru: Ranka shi daɗe, tsagewar dai ita ce tushe, kuma ana yin ta a Zariya. A 2018 ma anka canza mata mai zuwa yuraniyam marar kauri, wato wanda kashin da ke ƙonuwa cikinsa ba shi da yawa. Wace jami'a ke da irinta a ƙasar nan? Tasha ce, ƙarama dai.

Injiniya: Koeberg kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu ita ce tasha: tukwane biyu, kowace wajen megawat 900, tun 1984 da 1985. Ita kaɗai ce tashar nukiliya da ke ba da lantarki a Afirka. Ta Masar a El Dabaa ana kan gini, tukwane huɗu, megawat 4,800.

Ɗan Samaru: Da a jami'ar Danfodiyo ta Sakkwato take da tuni kun kira ta tasha.

Malama: Wanga ba adalci ba ne, Danfodiyo na da cibiyarta ta binciken makamashi, hasken rana suka sa gaba. Batun ziyara kuma, ko wace ce, ba a zuwa haka kawai. Sai an rubuta takarda tun da wuri, a tura sunaye da katin shaida, a tantance. A manyan tashoshi yawanci zauren baƙi ake tsayawa. Wanda anka bari ya shiga ciki sai ya aje waya, a maƙala mai na'urar auna radiyeshin, in zai fito a auna hannuwa da takalma. Farin abin da ke tashi daga dogayen hasumiyoyi tururin ruwa ne.

Ɗan Goronyo: Ruwan sanyaya tashar wa zai ba ku? Kashi ɗaya cikin uku na zafin ke zama lantarki, don haka mai megawat 1,000 na zubar da wajen 2,000 na zafi dare da rana. Masu albasa da shinkafa su sha mi da rani?

Ɗan Samaru: Tashar Palo Verde a hamadar Arizona ta Amurka take, da ruwan ƙazantar gari da anka tace take sanyaya kanta.

Ɗan Goronyo: Ina magudanar da za ta tara wannan ruwa a Sakkwato, malam?

Injiniya: Ga abin da ya fi ruwa. Ko an kashe tukunya tana ci gaba da fidda wajen kashi 6 cikin 100 na zafinta nan take, dole famfuna su yi ta aiki da wutar waje. Tashar Fukushima ta Japan a 2011 wutar waje ta yanke, ambaliya ta cinye janaretocin dizal, man yuraniyam na cikin tukwane ya narke. Kuma ba a son tukunya guda ta wuce kashi goma cikin 100 na abin da layin wutar ƙasa ke ɗauka, namu kuwa megawat 4,000 zuwa 5,000 yake ɗauka.

Na Mabera: To yuraniyam ɗin Arlit fa?

Malama: Wanda anka haƙo kashi 0.7 cikin 100 kawai ke ƙonuwa, sai an kai waje an ɗaga shi zuwa 3 ko 5.

Ɗan Samaru: Har yanzu ba wanda ya kawo hujjar cewa ba tasha ba ce.

Shugaban zaure: An rufe. Abin da munka tsayar: ta Zariya ba tasha ba ce, kamar yadda Injiniya ya tabbatar, kuma Sakkwato rana Allah ya ba ta, can ya kamata a sa kuɗi. Mai son ziyara shi fara da Danfodiyo.